Ɗalibi Ɗaya, Ma'auni Uku: Halin Da Yaran Kamba Da Bagudo Ke Ciki

Duk wanda ya taɓa zama da iyayen yara a Kamba ko Bagudo lokacin da ake fitar da sakamakon jarrabawa, ya san irin tambayar da ke yawo a bakunansu. Yaro ya fito da kiredit bakwai a WAEC ko NECO, an yi murna, an yi addu'a, sai ga shi a JAMB bai kai maki 180 cikin 400 ba. Wani kuma ya haye JAMB lafiya lau, amma ya je jarrabawar tantancewa ta jami'a ya dawo jiki a sanyaye. Abin tambaya a nan shi ne, wanne daga cikin ma'aunan nan uku ke faɗar gaskiyar ilimin yaron?

Idan mai karatu bai manta ba, an kafa hukumar JAMB a 1978 domin a haɗa ɗaukar ɗalibai wuri guda. A 2005, zamanin ministar ilimi Chinwe Obaji, aka ba jami'o'i damar sake gwada waɗanda suka ci JAMB, saboda kukan da suka yi cewa masu manyan maki na zuwa aji ba su iya komai ba. Malam Adamu Adamu ya soke wannan gwaji a 2016, aka dawo da shi a 2017. Tun 2015 kuwa aka mayar da JAMB gaba ɗaya kan kwamfuta.

A gaskiya jarrabawoyin nan ba abu ɗaya suke aunawa ba. WAEC da NECO ana ɗaukar makonni ana yin su, galibi a makarantar da ɗalibi ya saba, da rubutun bayani da aikin gwaji, kuma kowa ya san yadda satar amsa ta ɓata wa sakamakon wasu cibiyoyi suna. JAMB kuwa zama ɗaya ce: tambayoyi 180 cikin sa'o'i biyu, 60 daga ciki na Turanci. Wato ban da sani, tana auna saurin karanta Turanci da sabo da na'ura.

To a nan gizo ke saƙar. Yaron da ya tashi a ƙasar Dandi da Dandanci ko Kyanganci a gida, da Hausa a kasuwa, Turanci ya zama harshensa na uku, wani ma na huɗu. Haka abin yake ga takwaransa na Illo ko Tsamiya. Da yawansu ba su taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba sai ana gab da jarrabawa. A haɗa da kuɗin mota, da kwana a garin da ba a san kowa ba, da wahalar samun lambar NIN wadda aka wajabta tun 2021. Yaron da ya sha wannan gwagwarmaya kafin ya zauna, yaya za a yi makinsa ya yi daidai da na ɗan Abuja?

Ita kanta na'urar tana kuskure. A 2025, ɗalibai sama da miliyan ɗaya da rabi, cikin kusan miliyan biyu, ba su kai maki 200 ba. Daga baya Farfesa Ishaq Oloyede ya fito da hawaye ya amsa cewa matsalar na'ura ta shafi ɗalibai 379,997 a Legas da Kudu maso Gabas, aka sake musu jarrabawa.

Amma kada mu ɗora wa JAMB laifin duka. Tsarin ɗaukar ɗalibai a jami'o'in tarayya ya ware kashi 45 ga cancanta, 35 ga yankin da jami'a take, 20 ga jihohin da aka bari baya a ilimin boko, kuma Kebbi na cikinsu. Ga jami'ar tarayya da aka kafa a Birnin Kebbi a 2013, ga ta jiha a Aliero, ga ta Usmanu Danfodiyo a Sakkwato. Gurbi yana nan. Shirin cika shi ne ya yi mana ƙaranci. Dogaro da rangwame kuma ba zai fisshe mu ba, domin wanda ya shiga ajin likitanci da taimakon kaso, jarrabawar ƙarshen shekara ba ta san daga jihar da ya fito ba.

Saboda haka ina kira ga gwamnatin Kebbi da ƙananan hukumomin Dandi da Bagudo da su sa ɗakin kwamfuta mai wutar sola a kowace babbar sakandare, a fara gwajin JAMB tun daga aji huɗu. A tura ƙwararrun malaman Turanci da lissafi, a ba su alawus ɗin da zai sa su zauna a bakin iyaka. Attajiranmu da ke cin albarkar kasuwancin Nijar da Benin su ɗauki nauyin darussan hutu. Su kuma shugabannin makarantu su toshe kafar satar amsa, domin kiredit ɗin da aka saya da kuɗi, a gaban kwamfuta asirinsa ke tonuwa.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah Ya ba shugabanninmu ikon gyarawa, amin.