Gaɓar Kogi a Wurin Shaƙatawa na Birni

Kula da wurin shaƙatawa a birni ya haɗa da kujeru da fitilu da banɗaki da filin ƙwallo, amma waɗannan kowa ya san su, kuɗi da mai shara kawai suke buƙata. Inda aikin yake da wuya shi ne bakin ruwa. Duk inda kogi ya ratsa irin wannan wuri, abin da mahukunta suka fi saurin yi shi ne su kira ɗan kwangila ya sassabe ciyawa, ya miƙar da kogin, ya daɓe gaɓarsa da kankare, sannan a ce an yi tsafta. Wannan tunani ya daɗe yana cin kuɗin jama'a, kuma ya kamata a ce an wuce shi tuni. Kankare santsi gare shi, ruwan sama da ya hau kansa gudu yake ƙarawa, ya je ya afka wa unguwar da ke gangare. Gaɓa mai tsirrai kuwa tana karya ƙarfin ruwa da kararenta, laka ta samu ta kwanta, saiwa kuma ta riƙe ƙasa kada ta zaizaye. Manomin fadama da ya bar jema a bakin gonarsa ya san haka tun kafin injiniya ya auna.

Ƙasar Singafo ta gwada hanyoyin biyu a wuri guda. Lambun Bishan-Ang Mo Kio, mai faɗin hekta 62, an buɗe shi a 1988, kuma a gefensa kogin Kallang yake bi ta cikin wata miƙaƙƙiyar lambatu ta kankare mai tsawon kilomita 2.7, an kange ta da shinge. Daga 2009 zuwa 2012 hukumar ruwa ta ƙasar da hukumar lambuna suka haɗa hannu da wani kamfanin Jamus, Atelier Dreiseitl, aka fasa kankaren, aka bar kogin ya riƙa lanƙwasa a cikin lambun har tsawonsa ya kai kusan kilomita 3. Aka kafe gaɓar da duwatsu da itatuwa da tsirrai masu kama ƙasa, ɓaraguzan kuma aka tara su suka zama tudun da mutane ke hawa su hango kogin. A ranar da babu ruwan sama, rafi ne siriri, yara suna tsallaka shi a kan duwatsun da aka jera, suna leƙen kifi. Idan aka sheƙa ruwa, sai ya bazu a kan filin ciyawar da aka bar masa, ya janye bayan sa'o'i. Wato fili ɗaya ne yake aikin wurin wasa da aikin fadama, kuma yana ɗaukar ruwa fiye da tsohuwar lambatun. Tsuntsaye da mazari suka dawo, har karnukan ruwa, dabbobin nan masu farautar kifi, suka zo suka hayayyafa a wurin.

Za a ce ai ciyawa ke kawo sauro. Wannan magana ta yi yawa a bakin mutane, kuma ba haka abin yake ba. Sauro a ruwan da ya tsaya yake ƙwai: kududdufi, tsohuwar taya, gwangwani, kwatar da shara ta toshe. Ruwan da ke tafiya, mai kifi da 'ya'yan mazari da ke cinye tsutsar sauro, ba ya yi masa daɗi. Lambatun kankare da leda ta cushe ta fi rafi mai ciyawa haifar da sauro nesa ba kusa ba. Maganar da ta fi wannan nauyi ita ce ta nutsewa, domin cire shinge yana nufin yaro zai iya kaiwa ga ruwa. A Bishan an kwantar da gaɓar ta zama gangare mai sauƙi maimakon katanga a tsaye, an kafa alamomi, an sa jiniya da fitilun gargaɗi da ke tashi idan ruwa ya fara hauhawa. Wanda ya faɗa lambatu mai santsi lokacin ambaliya ba shi da abin kamawa, mai tsaye a gangare kuwa takawa zai yi ya fita.

Wannan ba ya nufin a sakar wa daji wurin. A dausayin Haɗeja da Nguru an ga yadda ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin ruwa bayan madatsun Tiga da Challawa sun sauya yadda ruwan ke hawa da sauka. Gaɓa tana son yanka a kan lokaci, da cire tsiron da ke neman mamaye saura, da ware mashigai inda za a riƙa sauka bakin ruwa, domin ƙafa ma tana kashe saiwa idan kowa ya bi ta inda ya ga dama. Akwai kuma sharaɗin da masu sha'awar hotunan Singafo kan manta. Tsakanin 1977 da 1987 ƙasar ta kwashe shekara goma tana raba kogunanta da najasa da sharar kasuwa da ta gidajen kiwo, kafin kowa ya yi tunanin fasa kankare. Kogi irin Jakara na Kano, wanda ke ɗauke da ƙazantar gidaje da ta mayanka, sai an fara tare ƙazantar daga inda take fitowa kafin a yi zancen jera wa yara duwatsun tsallakawa a cikinsa.