Kare Allunan Talla Na Leda Daga Rana Da Ruwan Sama

A unguwar Shomolu ta birnin Ikko, wadda ta yi suna wajen harkar ɗab'i, allunan tallan da ake bugawa a kan ledar binil sun zama ruwan dare. Sai dai zafin rana da yawan ruwan sama kan sa launinsu ya koɗe, musamman ja da rawaya, al'amarin da kan tilasta wa ɗan kasuwa sake biyan kuɗin bugu.

Hanyar rage wannan asara ita ce shafa wa allon man kariya garai-garai mai tare hasken rana. Man iri biyu ne: wanda ake haɗawa da ruwa, da mai sinadarin tina. Na farkon ya fi aminci, domin na biyun yakan narkar da tawadar. Saboda haka ya kamata a fara gwadawa a kan ƙyallen ledar.

Haka kuma wajibi ne a bar bugun ya sha iska na awa 24 zuwa 48, don kuwa tururin tawadar da aka rufe yakan hana man kamawa sosai. Bayan an goge ƙura, sai a shafa kaɗan-kaɗan sau biyu, a bar na farko ya bushe tukuna.

Mai sheƙi yana fito da launi, amma allon da fitila za ta haska ya fi dacewa da marar sheƙi, don kada ƙyalli ya ɓoye rubutun. Mai ba da aiki kuwa ya tabbatar an rubuta irin man a takardar ciniki kafin ya biya kafin alƙalami.