Kimiyyar Da Ke Cikin Ɗinkin Kuben Bindiga

A ƙasar Amurka akwai mutane da dama, ma'aikata da 'yan fansho, waɗanda kan ɗinka kuben ƙaramar bindiga da hannu a gidajensu don sha'awa kawai. Abin da zai ja hankalin ɗalibin kimiyya a wannan aiki shi ne yadda fata shimfiɗaɗɗiya ke ɗaukar siffar bindiga ta kuma riƙe ta shekara da shekaru, alhali ba a sa mata ƙarfe ko katako ba. Wannan maƙala za ta bayyana dalilin haka.

Asalin Aikin

Bayan da Samuel Colt ya yi rajistar libarbarsa a Amurka a shekarar 1836, mahaya sun fi rataya ƙananan bindigogi a jikin sirdi. Sannu a hankali aka koma ɗaura su a ɗamara, kuma masu ɗinkin sirdi ne suka riƙa yin kuben. Aikin ya shiga gidajen jama'a ne bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sa'ad da kamfanin Tandy na birnin Fort Worth a jihar Texas ya dukufa wajen sayar wa masu koyo fata da kayan aiki, tare da littattafan gwanin dukanci Al Stohlman. Yanzu ana yin kube da wata roba mai suna Kydex, amma masu sha'awar fata ba su bar ta ba.

Jima Iri Biyu

Fatar dabba saƙa ce ta zarurrukan wani furotin da ake kira kolajin. Idan aka bar ta ɗanya za ta ruɓe, ko ta bushe ta ƙandare. Jima ita ce sa wani sinadari ya shiga tsakanin zarurrukan ya ɗaure su. A tsohuwar hanya ana amfani da tanin, wato sinadari mai bauri da ke cikin ɓawo da 'ya'yan wasu itatuwa. Turawa kan samo shi daga ɓawon itacen ok, majeman ƙasar Hausa kuwa daga bagaruwa. Jimar ƙirgin saniya mai kauri ta wannan hanya kan ɗauki makonni ko watanni.

Hanya ta biyu ita ce jima da gishirin kuromiyam, wadda Augustus Schultz ya yi rajistarta a Amurka a 1884. Tana ƙarewa cikin kwana ɗaya ko biyu, kuma da ita ake jeme mafi yawan fatun duniya a yau. Sai dai fatar da ta fito daga cikinta laushi gare ta, ba ta shan ruwa sosai, ba ta kuma tsayawa a siffar da aka ba ta. Saboda haka mai ɗinkin kube ƙirgin da aka jeme da tanin yake nema.

Matakan Aiki

Akan zaɓi ƙirgi daga kafaɗa ko gadon bayan saniya, domin zarurrukan ciki sun cika sako-sako. Amurkawa na auna kaurin fata da oza, kowace oza kimanin milimita 0.4; kube kan buƙaci oza 7 zuwa 9, wato milimita 3 zuwa 3.5 ke nan a ƙiyasce. Da farko a zana siffar bindigar a takarda, a ƙara fili domin kaurinta, sannan a yanka fatar. Yawancin masu aikin kan yi amfani da bindigar roba ko ta alminiyam da aka ƙera daidai girman ta gaske, don gudun haɗari.

Daga nan sai a huda ramuka da basilla, a yi ɗinki da allura biyu a kan zare ɗaya mai kakin zuma, kowace allura tana ratsa kowane rami. Amfanin wannan ɗinki shi ne, idan zare ya tsinke a wuri guda, ɗayan ɓangaren na nan riƙe da fatar, saɓanin ɗinkin keke da kan warware.

Ruwa Da Zafi

Bayan ɗinki sai a tsoma kuben a ruwa mai ɗumi na ɗan lokaci. Ruwan kan kutsa tsakanin zarurruka ya sassauta raunanan haɗe-haɗen haidurojin da ke riƙe da su, ta yadda za su iya zamewa a kan juna. Sai a cusa bindigar, a bi kowane lungu nata ana dannawa da yatsa ko santsin ƙashi. Yayin da ruwan ke ƙafewa, haɗe-haɗen kan sake ƙulluwa a sabon mazauninsu, fatar ta taurare a kan wannan siffa.

Zafi kaɗan, kamar digiri 50 a ma'aunin Salshiyas, yana ƙara mata tauri. Amma daga wajen digiri 70 zuwa 85 kolajin ɗin fatar tanin kan ƙanƙance ya lalace, fatar ta yi gautsi. Don haka ba a kusantar da ita ga wuta. Idan kuma da bindigar ƙarfe aka yi aikin, akan naɗe ta da leda, domin ruwa na sa ta tsatsa, kuma ƙarfe in ya haɗu da tanin cikin danshi yakan baƙanta fata. Wannan haɗuwa ce dukawanmu ke amfani da ita wajen yin baƙin rinin fata.

Me Ya Sa Tauri Ke Da Muhimmanci?

Babban aikin kube shi ne rufe kunamar bindiga don kada wani abu ya taɓa ta. Idan fata ta yi laushi saboda tsufa ko yawan shafa mai, bakinta na iya lanƙwashewa ya shiga zoben kunama lokacin mayar da bindiga, harsashi ya tashi ya sami mai ita. Shi ya sa ake taƙaita mai, ake kuma jefar da kuben da ya saki.

Gwaji Ga Ɗalibai

A Nijeriya, Dokar Makamai ta 1959 ta sanya ƙananan bindigogi cikin makaman da aka haramta mallaka ba tare da lasisin shugaban ƙasa ba, don haka ba a buƙatar bindiga a wannan gwaji. Malami ya samo guntun fatar da aka jeme da bagaruwa daga wurin baduku, da guntun fatar tsohon takalmin kanti. A jiƙa su duka, a naɗe kowanne a jikin cokali mai leda, a ɗaure, a bar su su bushe a inuwa kwana ɗaya. Sa'an nan a kwance, ɗalibai su rubuta wanne ya riƙe siffar cokalin, su kuma bayyana dalili.