BABI NA UKU: DAIDAITA MURYA DA KIƊA A MANHAJAR KWAMFUTA

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin kayan aikin da ake samu a situdiyon ɗaukar waƙa. A wannan babi kuwa za a dubi yadda ake ɗora muryar mawaƙi a kan kiɗan da aka riga aka haɗa, da abubuwan da kan sa su saɓa wa juna, da kuma hanyoyin gyara.

3.1 Tushen Matsalar

A kiɗan gargajiya, mawaƙi da makaɗansa wuri guda suke, kowa yana sauraron kowa. Alal misali, makaɗan kalangun Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, shi suke bi: in ya ja su ja, in ya sassauta su sassauta. A situdiyon zamani kuwa lamarin ya juya. Akan fara haɗa kiɗa da fiyano ko da manhaja irin su Cubase, wadda kamfanin Steinberg na Jamus ya fitar a 1989, ko FL Studio, wadda ake kira FruityLoops kafin 2003. Bayan nan ne mawaƙi zai sa abin sauraro a kunne ya rera, a ɗauki muryarsa a layi na daban. Wannan ita ce hanyar da aka fi bi wajen waƙoƙin finafinan Hausa. Ke nan kiɗa ba ya jiran kowa, kuma aikin da kunnen makaɗi ke yi a da ya koma hannun mai haɗa sauti.

3.2 Ma'aunin Gudun Kiɗa

Ana auna gudun kiɗa ne da yawan bugu a minti ɗaya. Kiɗa mai bugu 120 a minti, tsakanin bugu da bugu rabin daƙiƙa ne. Manhaja tana zana waɗannan bugu a matsayin layuka a tsaye, sannan ta nuna muryar kamar tudu da kwari a ƙarƙashinsu. Saboda haka matakin farko shi ne a gano gudun kiɗan a saita manhaja a kansa. In ba a yi haka ba, layukan ba za su yi wa mai aiki jagora ba.

3.3 Ire-iren Saɓani

Saɓanin da ake samu iri uku ne, kuma kowanne da maganinsa.

(a) Jinkiri na bai-ɗaya. Kwamfuta takan tara sauti kafin ta sarrafa shi, don haka murya kan iya sauka a bayan kiɗa da tazara iri ɗaya daga farko har ƙarshe. Maganinsa shi ne a jawo layin muryar gaba ɗaya har ya hau bugu.

(b) Saɓani mai ƙaruwa. A nan farkon waƙa yakan dace, amma tana tafiya tazarar tana faɗi. Idan an rera waƙa a kan bugu 102, aka ɗora ta a kan kiɗa mai bugu 100, to a minti ɗaya murya za ta wuce kiɗa da bugu biyu. Haka kuma, kwamfuta tana ɗaukar sauti ne gutsure-gutsure, sau 44,100 a daƙiƙa a ma'aunin faifan CD, ko sau 48,000 a aikin bidiyo. Muryar minti 3 da aka ɗauka a 48,000, in aka kunna ta a 44,100 ba tare da an juya ta ba, za ta ƙara tsawon kimanin daƙiƙa 16, ta kuma yi kauri. Maganin na farko shi ne a miƙe muryar ko a matse ta, na biyu kuwa a mayar da ma'aunin guda.

(c) Saɓanin mawaƙi. Wannan yakan faru ne idan mawaƙi ya yi gaggawa a wani ɗango, ya yi nawa a wani. Akan yayyanka muryar a wuraren numfashi, a matsar da kowane yanki inda ya dace. Haka ake yi wa muryoyin 'yan amshi domin su tashi tare su sauka tare.

3.4 La'akari da Tsarin Hausa

A nan ne aikin yake bukatar masanin harshe. Karin waƙar Hausa ya ginu ne a kan gaɓa mai nauyi da gaɓa marar nauyi, kuma tsawon wasali yana bambanta ma'ana. Kalmar “gari” mai gajeren wasalin farko tana nufin mazaunin jama'a, mai dogon wasali kuwa tana nufin abin da aka niƙa. Idan aka miƙe gajeren wasali don kawai a cike gurbin bugu, mai sauraro zai iya jin wata kalmar dabam. Don haka ya fi dacewa a yi miƙewar a kan dogon wasali, ko a wasalin ƙarshen ɗango, ko a wurin numfashi.

Bugu da ƙari, kunne ya fi jin saukar gaɓa a inda wasali ya fara. A kalma kamar “shekara”, baƙin “sh” yakan ɗauki ɗan lokaci kafin wasali ya fito. Wanda ya ɗora farkon baƙin a kan layin bugu, zai ji muryar ta makara, alhali a ido ta dace. Wato dai ido na iya nuna hanya, amma kunne ne alƙali.

3.5 Naɗewa

Daga bayanan da suka gabata za a fahimci cewa gyara yana farawa ne da gano irin saɓanin da aka samu, domin maganin wani ba ya yi wa wani. An kuma ga cewa manhaja tana auna lokaci ne kawai, ba ta san gaɓa mai nauyi ba. Idan gyara ya yi yawa har ya fara taɓa ma'ana, sake ɗaukar baitin ya fi. A babi na gaba za a dubi yadda ake tace sauti bayan an daidaita shi.