ƘWALLON KWANDO: Yadda jami'o'in Amurka ke farautar dogayen samarin Afirka

Idan kaka ta yi, aka yanke gero aka zuba a rumbu, sai kiɗan kokowa ya tashi a ƙauyukan Sarkin Hausa, cikin gundumar Mayahi, da na ƙasar Tasawa. Saurayin da ya kayar da kowa a ƙauyensu ba ya daɗewa a ɓoye. Gari ya ɗauke shi, gunduma ta gwada shi, in ya yi sa'a jaha ta sa shi cikin ƴan kokowarta 10 da za su je neman takobi. Tun 1975, lokacin da aka fara gasar ƙasa a Tawa a zamanin Seyni Kunce, Kantu na Maradi kuma ya ɗauki takobin farko, kowace jaha take baza idonta don neman ƙarfafa. Wani lokaci ma akan ga wanda aka haifa a wata jaha yana shiga fili da sunan wata, domin can ya sami ubangidan da ya fi kula da shi. Nan gardama take tashi a majalisa. Wasu su ce butulci ne. Wasu su ce ƙarfinsa ne jarinsa, ƙarfi kuwa ba ya jiran mai shi.

Wannan gardama ita ce ta shekara da shekaru tana cin jami'o'in Amurka, sai dai su a kan ƙwallon kwando, kuma kuɗin da ke ciki ya wuce misali. Maganar ta shafi ƙasashen Sahel, domin masu neman ƴan wasa sun daɗe da gano hanyar Afirka ta Yamma.

Jami'a mai fili kamar kasuwa

A Amurka jami'o'i ne ke riƙe da wasan matasa. Wata ƙungiya mai suna NCAA, wadda aka kafa a 1906, ita ce ke shimfiɗa musu doka. A rukuninta na farko akwai jami'o'i kamar 360 masu ƙungiyar ƙwallon kwando ta maza, kuma kowane watan Maris akan yi babbar gasa ta fid da gwani, wadda a 2025 ƙungiyoyi 68 suka shiga. A 2010 gidajen talabijin suka amince su biya dalar Amurka miliyar 10.8 don nuna wannan gasa har shekara 14. Kada a haɗa wannan dala da dalar kasuwar Mayahi mai tamma 5: kowace ɗaya ta haura tamma 500 na sefa.

Duk da wannan dukiya, ɗan wasa ba ya da albashi a da. Abin da ake ba shi shi ne karatu kyauta, da ɗaki, da abinci, da littattafai. A lokacin kowace jami'a tana da irin wannan gurbi 13 kacal na maza, shi ya sa masu horarwa ke bin makarantun sakandare gida gida, suna zama da iyaye, suna alkawari. Daga 1973 har zuwa 2012 doka ba ta yarda a ba yaro gurbin da ya wuce shekara ɗaya ba. In shekara ta ƙare, mai horarwa ne zai ce a sabunta ko a sallame shi.

Daga Sakkwato da Zariya

Akwai sunan ƙasar Hausa a farkon labarin. Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas a 1963, ɗan ƙwallon hannu ne a makarantarsu, kuma a wani bikin wasanni na makarantun horon malamai da aka yi a Sakkwato ne ya fara shiga gasar ƙwallon kwando. A 1980 ya sauka a jami'ar Houston. Shekararsa ta farko bai buga gasa ba. A 1984 shi aka fara zaɓa cikin dukan matasan da suka shiga NBA, watau babbar gasar ƙwararru ta Amurka, ya kuma ci kofinta a 1994 da 1995. Daga nan kowane mai horarwa ya shiga mafarkin samun nasa Olajuwon.

Labarin Masai Ujiri ya fi kusa da abin da ke samun galibin yara. A Zariya ya tashi, a nan ya fara jefa ƙwallo yana ɗan shekara 13, a hannun wani Ba'amurke mai horarwa, Oliver Johnson, wanda ya daɗe yana koyar da yaran garin. Ya tafi Amurka, ya yi shekara 2 a wata ƙaramar kwaleji a Bismarck, cikin jahar Dakota ta Arewa mai tsananin sanyi, sa'an nan ya sauya zuwa wata jami'a a Billings ta jahar Montana, inda bai wuce zango ɗaya ba. Ya yi ƴan shekaru yana wasa a Turai, bai taɓa buga NBA ba. A 2002 ya kama aikin nemo wa ƙungiyar Orlando ƴan wasa ba tare da albashi ba, yana biyan kuɗin tafiya daga aljihunsa. Idon da yake da shi na gane yaro tun bai nuna ba shi ya ɗaukaka shi, har ya zama shugaban ƙungiyar Toronto da ta ci kofin NBA a 2019. Ya bar wannan kujera a watan Yuni na 2025. Tun 2003 ƙungiyarsa ta Giants of Africa take shirya wa yara sansanin horo a Najeriya da wasu ƙasashen Afirka.

Igiyar da aka kwance

Tsohuwar dokar sauya jami'a mai tsauri ce ƙwarai. Ɗan wasan da ya so barin jami'arsa sai ya nemi izini kafin wata ta yi magana da shi, mai horarwa kuma yana iya rubuta sunayen jami'o'in da bai yarda yaron ya je ba. In ya tafi, sai ya zauna shekara guda cur ba ya buga gasa. Shi kuwa mai horarwa, in wata jami'a ta ƙara masa albashi, yau ya yi sallama gobe ya kama aiki can, ba mai tsare shi. Yaron da ya ƙetare teku saboda alkawarin mutum ɗaya sai ya wayi gari mutumin ya tafi, shi an bar shi ɗaure. Ko a kokowa ba a yi wa bara haka.

Inda aka hana ciniki a fili, a ɓoye ake yinsa. A watan Satumba na 2017 ƴan sandan ciki na Amurka suka kama mutum 10, cikinsu har da mataimakan masu horarwa 4 da wani babban ma'aikacin kamfanin Adidas. An bayyana cewa an yi wa iyalin wani yaro alkawarin dala 100,000 don ya zaɓi jami'ar Louisville, abin da ya ci kujerar mai horarwarta, Rick Pitino.

Daga nan igiya ta fara sassautawa. A watan Oktoba na 2018 aka buɗe wani kundi a intanet, inda ɗan wasa zai sa a rubuta sunansa, kowace jami'a kuma ta sami damar kiransa ba da izinin kowa ba. A watan Afrilu na 2021 aka yafe zaman shekara ga wanda ya yi sauyin farko. A watan Yuni na wannan shekara kotun ƙoli ta Amurka, da bakin alƙalanta 9 gaba ɗaya, ta kayar da NCAA a wata shari'a kan iyakar abin da jami'a za ta ba ɗalibi, kuma daga 1 ga Yuli aka halatta wa ɗan wasa ya karɓi kuɗin talla da sunansa da hotonsa. A 2024, bayan wata shari'ar, aka cire iyakar yawan sauyi. A watan Yuni na 2025 wata alƙaliya ta amince da sulhun da ya ba kowace jami'a damar biyan ƴan wasanta kai tsaye, har dala miliyan 20.5 a shekarar farko, watau fiye da sefa miliyar 11.

Yanzu da zarar gasar Maris ta ƙare sai kasuwa ta ci. A 2025 ƴan ƙwallon kwando maza fiye da 2,000 na rukunin farko suka sa sunansu a kundin. Ƙananan jami'o'i suna kuka: su ne ke renon yaro shekara 2, da ya nuna sai mai kuɗi ta zo ta ɗauke. Masu horarwa da yawa kuma sun rage zuwa makarantun sakandare, domin sayen wanda ya riga ya goge ya fi musu sauƙi.

Samarin Mali

Maƙwabciyar ƙasar nan, Mali, ta ba da misalai da suka isa a duba. Umar Ballo, ɗan Kulikoro, ya bi ta wata makaranta a tsibiran Kanari na Sifen, ya bi ta Meziko, ya isa jami'ar Gonzaga a 2019. A 2021 mataimakin mai horarwar da ya kawo shi ya sami shugabancin ƙungiyar Arizona, Ballo ya bi shi, sabuwar doka kuma ta ba shi damar bugawa nan take. A 2024 ya sake sauyawa zuwa Indiana. Jami'a 3 ke nan, abin da a tsohuwar doka zai ci masa shekarun zama. NBA ba ta zaɓe shi ba a 2025, ya nufi Italiya.

Adama Sanogo na Bamako bai sauya ba. Ya tsaya a jami'ar Connecticut, ya ci kofin ƙasa a 2023 yana azumin Ramadan, aka ba shi lambar gwanin zagayen ƙarshe. Shi ma da aka zo zaɓen NBA na wannan shekara ba a kira sunansa ba, sai daga baya ƙungiyar Chicago ta ba shi ƙaramar yarjejeniya. Gurbin zaɓen bai wuce 60 ba a shekara, na duniya duka. Lissafin NCAA da kanta ya nuna cewa kamar 1 cikin 100 na ƴan wasanta maza ne ake zaɓa.

Kuma waɗannan su ne masu sa'a. A 2017 jaridun jahar New Jersey suka tona cewa a garin Paterson an tara yara daga ƙasashen waje, har da ƴan Najeriya, a gidan mai horarwar wata makarantar sakandare, takardun wasunsu ba su cika ba. Aka fid da makarantar daga gasar jaha. Yaron da ya faɗa irin wannan hali ba ya da dangi a kusa, ba ya da kuɗin jirgin komawa, sau da yawa ma kunya ke hana shi gaya wa gida.

Takarda kafin tsawo

A Nijar filayen ƙwallon kwando a manyan garuruwa suke, galibi cikin makarantu. Ƙungiyar Nigelec ta Yamai ta shiga wasannin share fage na gasar Afirka ta BAL a 2019, NBA kuma ta buɗe makarantar horo a Senegal a 2017. Amma dillali ba ya bukatar fili. Wayar hannu ta ishe shi: hoton dogon yaro tsaye a bakin ƙofa yana iya kaiwa Amurka cikin dare ɗaya. A ƙasar da samari suka saba tafiya cin rani Kano da Katsina, har Libiya da Aljeriya, maganar tafiya ba ta da wuyar shiga kunne.

Abin da iyaye da ma'aikatan hukuma ya kamata su sani shi ne, jami'ar Amurka ɗalibi take ɗauka. NCAA tana da ofishi na musamman da ke bin takardun makaranta na shekaru 4 na ƙarshen sakandare, aji aji, da fassararsu cikin Ingilishi. Wanda bai kai ga bak ba, ko wadda ta yi daidai da ita, ba ya shiga rukunin farko, ko da kansa na taɓa rufin ɗaki. Cheick Diallo na Kayes, wanda manyan jami'o'i suka yi rububinsa, sai da ya zauna har watan Disamba na 2015 kafin ya buga wa Kansas, ana binciken takardunsa da abin da aka kashe masa.

Shekarun haihuwa ma abin lura ne. A karkara yara da yawa ba a yi musu takardar haihuwa ranar suna ba, sai an zo shiga lakwal ko jarrabawa a je wurin alƙali, a rubuta cewa an haife su wajen shekara kaza. Dillali yakan so a rage wa yaro shekara 2 ko 3 don ya ƙara daraja. Ma'aikacin da ya buga hatimi a kan haka bai taimaki yaron ba, domin ranar da aka gwada takardar makaranta da fasfo aka ga saɓani, gurbin ya tafi, bizar ma tana iya binsa.

Sauyin jami'a kuma yana da nasa tarko. Da yaro ya sa sunansa a kundi, jami'arsa tana da ikon yanke masa tallafi a ƙarshen zango, alhali ba kowa ke samun mai ɗauka ba. Darussan da ya ci a can ba lalle sabuwar jami'a ta lissafa su duka ba, sai shekarun wasa su ƙare digiri bai samu ba. Ga baƙo abin ya fi nauyi, domin bizarsa ta karatu tana rataye ne da makarantar da ke riƙe da shi, kuma ba ta ba shi izinin aikin kuɗi yadda ya so a cikin Amurka ba. Oscar Tshiebwe na Lubumbashi, wanda ya sauya daga West Virginia zuwa Kentucky a 2021 ya zama gwanin ƙasa a 2022, sai da ƙungiyarsa ta je wasa tsibiran Bahamas ya samu ya yi aikin tallarsa a can, a wajen iyakar Amurka.

Akwai kuma ƙofar ita kanta. A watan Disamba na 2025 gwamnatin Amurka ta sa Nijar da Mali da Burkina Faso cikin jerin ƙasashen da ta rufe wa ƴan ƙasarsu shiga, ta kuma taƙaita wa ƴan Najeriya wasu bizoji, har da ta karatu. Duk wanda ya zo Sarkin Hausa ko Tasawa da alkawarin gurbi a jami'ar Amurka, yana neman a sayar da saniya ko a jinginar da gona don kuɗin hanya, tambayar farko da mai gari zai yi masa ita ce sunan makarantar, da takardar da ta aiko, da ofishin jakadancin da ya ce zai ba yaron biza.