Kwamfutar Da Aka Aiko Daga Ikko Ta Cije A Suleja: Ina Dabara?

'Yan Arewa mazauna Kurmi sun daɗe da al'adar aika tsaraba gida. Da can atamfa ce da akwatin rediyo da keken ɗinki. Yanzu kuwa abin da yara 'yan makaranta suka fi roƙon iyaye da yayye shi ne kwamfutar tafi-da-gidanka, wadda suke kira laftof. Magidanci zai tashi daga Agege ko Idi-Araba ya shiga kasuwar kwamfuta ta Ikeja, ko ya nufi Alaba, ya zaɓi ta hannu, watau tokumbo, ya damƙa wa direban motar Abuja ya sauke ta a Suleja. Ba a cika wata biyu ba sai ga waya daga gida, wai na'urar ta ce za ta sabunta kanta, ta soma, ta kai wani wuri ta cije, tun hantsi har ga shi an yi isha'i ba ta motsa ba.

Suleja gari ne da wannan matsala ta zama ruwan dare. Tun da gwamnatin Janar Murtala ta zaɓi wannan yanki a 1976 don gina sabon babban birni, aka ɗauki sunan Abuja aka ba birnin, tsohon garin kuma ya koma Suleja don tunawa da Sarki Sulaimanu Barau, jama'a suke ta kwarara cikinsa. Ma'aikata da yawa a nan suke kwana, ko a Madalla gindin dutsen Zuma, su yi sammako su tafi ofis a Abuja, domin haya ta fi sauƙi. 'Ya'yansu kuma suna karatu a jami'o'in Gwagwalada da Minna da Lapai, ko kwalejin kimiyya da fasaha ta Bida, inda ba dama ɗalibi ya rubuta kundin kammala karatu ba da kwamfuta ba. Ko jarrabawar JAMB ma tun 2015 a kan kwamfuta kaɗai ake yin ta.

Tushen al'amarin daga Amurka yake. Kamfanin Microsoft, mai babbar manhajar nan Windows da take tafiyar da yawancin kwamfutocin ƙasar nan, ya fito da Windows 10 a watan Yuli na 2015, sa'an nan ya fito da Windows 11 a watan Oktoba na 2021. Ranar 14 ga Oktoba, 2025 kuwa sai ya janye hannunsa daga Windows 10, in ban da wani ɗan lokaci da ya ƙara wa waɗanda suka yi rajista, wanda ya sa wa wa'adin 13 ga Oktoba, 2026. Ma'anar janye hannu ita ce kwamfutar za ta ci gaba da aiki, amma in ɓarayin intanet suka gano wata ɓaraka ba mai zuwa ya toshe ta. Saboda haka ne kowa ya rungumi tasa yana neman haurawa zuwa sabuwar, a nan kuwa ake samun cijewar.

To, abu na farko da ya kamata wanda ke Kurmi ya gaya wa na gida idan waya ta zo shi ne, kada ya kashe ta. Sau da yawa ba tsayawa ta yi ba, nauyin aiki ne. Lambar nan da ke ƙirga kashi cikin ɗari ba agogo ba ce. Takan yi gudu daga ɗaya zuwa talatin, ta zauna sa'a guda a wuri ɗaya, sa'an nan ta zabura. Tsofaffin kwamfutoci masu rumbun ajiya mai faifai, wanda ke juyawa kamar faifan garmaho, sukan ci sa'o'i da dama a kan aikin da masu sabon rumbu na SSD suke gamawa kafin a sha shayi a wanke kofi. Akwai alamar da ake dubawa. Yawancin tsofaffin laftof suna da 'yar fitila a gefe ko a gaba wadda ke ƙyaftawa idan rumbu yana aiki. In tana ƙyaftawa, fanka kuma tana huci, to a ƙyale ta ko da za ta kwana. Sai an ga sa'o'i uku ko huɗu sun wuce, fitila ta yi shiru, lamba ba ta gusa ba, sa'an nan za a ce lalle ta cije.

Amma haƙuri a Suleja yana da abokin gaba, shi ne wutar lantarki. Abin mamaki, Jihar Neja ce ke da madatsun ruwan Kainji da Shiroro da Zungeru, amma duk da haka ba mai iya rantsuwa cewa wutar da aka kawo da azahar za ta kai la'asar. Laftof ɗin tokumbo kuwa galibi batirinta ya riga ya gaji tun a Turai, da ƙyar yake riƙe rabin sa'a. In wuta ta ɗauke a daidai lokacin da na'urar ke musanya tsofaffin fayiloli da sababbi, ana iya wayar gari ba tsohuwar manhaja ba sabuwa. Don haka mai hankali ba ya fara wannan aiki sai ya tabbata da janareto mai isasshen mai, ko wutar sola, ko kuwa ya ɗauki na'urar ya kai shagon da ke da su ya biya 'yan kuɗin caji. Wannan kuɗi bai kai rabin abin da mai gyara zai karɓa ba in ta lalace.

Haka kuma maganar data. Manhajar Windows 11 ta haura giga biyar, kuma yawancin yara da wayar hannu suke jona kwamfutar da intanet. In data ta ƙare, ko sabis ya yi rauni, sai lambar ta tsaya tun a matakin saukowa, yaro kuwa ya ɗauka na'ura ce ta mutu. Tun da hukumar sadarwa ta NCC ta yarda a ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin ɗari a watan Janairu na 2025, sauke giga biyar sau biyu ko uku ba ƙaramar asara ba ce ga ɗalibi. Hanya mafi sauƙi ita ce mutum ɗaya ya sauke manhajar daga shafin Microsoft, ya zuba ta a filashi mai giga takwas, kowa ya ara.

Idan an tabbata ta cije, sai a zare duk abin da aka jona mata in ban da caja: firinta, filashi, katin ajiya, linzami, har da wayar da ke caji a jikinta. Wani lokaci wannan kaɗai ya isa ta motsa. In ta ƙi, a danne maɓallin kunnawa har ta mutu, a dakata kaɗan, a sake kunna ta. An gina Windows yadda in sabuntawa ta gaza za ta warware abin da ta yi ta koma inda ta fito, kuma wannan warwarewa ma tana cin lokaci, ba a katse ta. In ta kasa tashi sau biyu ko uku a jere, da kanta za ta buɗe shafin gyara mai launin shuɗi, inda ake iya cire sabuntawar da ta kawo rikicin.

Bayan ta dawo hayyacinta takan nuna wata lamba mai fara wa da 0x. Yara sukan rufe ta da sauri don ba su gane ta ba, alhali kuwa ita ce takardar likita. A ɗauki hotonta da waya. Lamba 0x80070070 tana nufin rumbu ya cika, sai a kwashe finafinai da hotunan biki a samar da fili kamar giga ashirin. Lamba 0xC1900208 tana nufin akwai wata manhaja da ba ta jituwa da sabuwar, kuma sau da yawa tsohuwar manhajar rigakafin ƙwayar cuta ce da mai shago ya cusa tun ranar saye. Wadda ta fi yawa ita ce 0xC1900101, ita kuwa laifin direba ne, watau 'yan ƙananan manhajojin da ke yin tafinta tsakanin Windows da sassan na'ura kamar na sauti da na hoto. Maganinsa a shiga shafin kamfanin da ya ƙera ta, HP ne ko Dell ko Lenovo, a sauke sababbi kafin a sake gwadawa.

Inda aka fi yin kuka shi ne wurin masu gyara. Akwai na ƙwarai a Suleja, waɗanda za su fara tambayar abin da ke cikin na'urar kafin su taɓa ta. Akwai kuma masu magani ɗaya ga kowace cuta, watau a goge komai a zuba sabuwa, abin da suke kira fomatin. Aikin minti arba'in ne, kuma lalle na'urar za ta tashi garau. Amma kundin da yaro ya shekara yana rubutawa, da takardun shagon mahaifiyarsa, da hotunan iyali, duk sun tafi. Alhali ko da Windows ta ƙi tashi sam, fayilolin suna nan a rumbu, ana iya tayar da na'urar da filashi a kwashe su tukuna. Duk mai gyaran da bai kawo wannan zance ba, a ɗauki kaya a yi gaba. Wanda kuma sabuntawarsa ta yi nasara amma na'urar ta koma tafiyar hawainiya, yana da kwana goma da zai iya komawa tsohuwar, muddin bai goge jakar da ake kira Windows.old ba.

Sai dai akwai kwamfutocin da ba haƙuri ko dabara da za ta haurar da su ta ƙofar gaba, kuma a nan ne maganar ta dawo kan mai saye a Ikko. Windows 11 tana da sharuɗɗa: ƙwaƙwalwar aiki giga huɗu, rumbu giga 64, wani ɗan sashen tsaro da ake kira TPM 2.0, da kuma firosesa ta Intel daga zubi na takwas zuwa sama, wanda ya fara fitowa a 2017. Ofisoshin Turai da Amurka sun san da haka, shi ya sa suka yi ta sallamar tsofaffin na'urorinsu, su ne kuwa ake jibgewa a kwantena zuwa tashar Apapa. Ɗan kasuwa zai nuna tambarin Core i7 a jikin na'ura ya ce ai babbar ce. Tambarin ba ya faɗin shekaru. Abin dubawa shi ne lambar da ke biye da shi. In an ga i5-6300U, zubi na shida ce, irin wadda ke cikin HP EliteBook 840 G3 da Dell Latitude E7470, ba ta cika sharaɗi ba komai kyan jikinta. In an ga i5-8250U, ta takwas ce, ta shiga. Wadda lambarta ta fara da 10 ko 11 ko 12 ta fi sabunta.

Wani zai ce ai ga Windows 11 nan a kan na'urar tun a shago. Gaskiya ne, akwai hanyar tsallake sharuɗɗan, kuma 'yan kasuwa sun iya ta sarai. Microsoft kuwa ya faɗa a fili cewa irin wannan na'ura ba ta da alkawarin samun sabuntawa. Takan yi aiki lafiya har ranar da babbar sabuntawa ta shekara ta zo, sai ta ƙi shiga. Tsohuwar na'ura mai lafiya ba abin yarwa ba ce, ana iya zuba mata Linux Mint ko Ubuntu, waɗanda kyauta ne kuma sun isa rubutu da lissafi da shiga intanet, sai dai yaro zai ɗan sha wuyar sabo.

Kafin a biya kuɗi a Ikeja, a sa mai shago ya buɗe shafin da ke nuna sunan firosesa a karanta da ido. A zare caja a ga ko batir zai kai sa'a guda. A tambaya ko rumbun SSD ne. A kuma sa shi ya shiga BIOS a gaban mai saye, domin wasu na'urorin da suka fito daga ofisoshi suna zuwa da kalmar sirri a kulle a wurin, kuma a can ne ake kunna TPM idan an same shi a kashe. In mai shago bai san kalmar ba, wanda ke Suleja ma ba zai san ta ba.