Wiwin da Ƙwaƙwalwa ke Haɗawa da Wanda Ake Busawa

A majalisun samari na Nima da Mamobi a Ghana, inda ake hira kan ataya har dare ya raba, masu busa wiwi suna da hujjar da suke ji da ita: wai ƙwaƙwalwa da kanta tana haɗa irin wannan sinadari, to mene ne laifin ganyen? Farkon maganar gaskiya ne. A 1964 Raphael Mechoulam ya ware THC, sinadarin da ke sa maye, a Isra'ila. A 1992 ɗakin bincikensa ya gano anandamide, wanda jiki ke yi, sai 2-AG a 1995. Hujjar tana rushewa ne idan aka duba yadda jikin ke aiki da nasa.

Saƙo yakan tashi daga ƙwayar jijiya mai aikawa zuwa mai karɓa. A 2001 masu bincike a Amurka da Japan suka nuna cewa waɗannan sinadarai komawa baya suke yi. Idan saƙo ya yi wa mai karɓa yawa, sai ta haɗa 2-AG nan take, ta tura shi ga makarɓar CB1 da ke jikin mai aikawa, ita kuma ta sassauta. Ba a tara shi a ajiye. A mahaɗa guda ake yinsa, cikin daƙiƙu kaɗan kuma a narkar da shi. Da wannan birki ne dubban ƙwayoyi ke daidaita bugunsu, musamman a hipokamfus, inda ake ƙulla sabon tunawa. THC kuwa ba ruwansa da wuri ko lokaci: yana mamaye makarɓun ko'ina na tsawon sa'o'i, shi ya sa mai busawa ke manta farkon zancensa kafin ya kai ƙarshe. Idan abin ya daɗe, ƙwaƙwalwa ta rage makarɓun nata, kuma ta saurayi ba ta gama nuna ba sai bayan ya haura ashirin.

Za a ce ai Ghana ta halatta nomansa. Dokar 2020, wadda majalisa ta gyara a 2023, ta amince ne da irin da THC ɗinsa bai wuce kashi 0.3 cikin ɗari ba, don masana'antu da magani, da lasisi. A ɗaya ɓangaren kuma, toshe wannan tsarin na ƙwaƙwalwa ma ba alheri ba ne: an janye rimonabant, maganin ƙiba mai rufe CB1, daga kasuwar Turai a 2008 saboda ciwon baƙin ciki da ya jefa mutane ciki.